Yadda ake gyaran ɗakin ƙasa kafin damina, daga rufi zuwa daɓe

Ɗakin ƙasa da ya rufta a tsakiyar marka, tun cikin rani yake nuna alama, mutanen gida ne ba su duba ba. Ko dai indararo ya karkace ruwa na bin bango, ko gindin gini ya zaizaye har hannu na shiga, ko kuma gara ta cinye bakin azara ta ciki ta bar ɓawo. Ruwa ta wuri biyu yake kama ginin ƙasa, ta ka da ta gindi. Tsakiyar bango, inda ido ya fi sauka kuma inda aka fi kashe kuɗi, ita ce ta fi ko'ina lafiya. Don haka aikin yana da jeri: rufi da indararo tukuna, sai gindi da tsaga, sannan yaɓe, daɓe ya zo ƙarshe. Wanda ya fara da yaɓe don gida ya yi kyan gani, ya bar rufi sai in kuɗi sun samu, ruwan farko ne zai wanke masa aikin ya zubar a kwata.

Lokacin aikin daga Fabrairu ne zuwa farkon Afrilu. A Zazzau ruwa kan sauka tun Afrilu ko farkon Mayu, a Kano sai Mayu zuwa Yuni, a Katsina, Maraɗi da Damagaram kuwa yakan kai Yuni. Ko ina kake, ka lissafa yadda za a ɗaga hannu daga aikin da saura mako 3 aƙalla kafin ruwan farko, domin ɗanyen yaɓe ba ya jure ko yayyafi mai ƙarfi.

Zagayen dubawa

Ka tanadi gawayi, ƙusa mai inci 4, da 'yar sanda. Fara daga cikin ɗaki, kafin kowa ya taka rufin. Ɗaga kai ka bi azara ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta lanƙwaso a tsakiya, da wadda ke da tabon ruwa baƙi-baƙi, ka yi musu alama. Sannan ka soki kowace da ƙusa daidai inda ta shiga bango, domin a nan danshi ke taruwa, a nan kuma gara ke shiga. Lafiyayyar azara ba ta karɓar ƙusa da ƙarfin hannu kawai. In ƙusar ta nutse ta wuce santimita 1, ko gari ya zubo, ko ka ga 'yar hanyar ƙasa da gara ta gina a jiki, wannan azara ta gama aiki. In guda 2 ko 3 da ke jere suka nuna haka, a fitar da mutane da kaya, a tokare su da itace mai gwafa a kan faffaɗan katako, a kira magini. Irin wannan rufi ba a hawansa.

In ciki lafiya, sai ka hau. Bi ta gefe-gefe, a kan kaurin bango. Nemi inda ruwa ya kwanta bara: za ka gane wurin da laka mai santsi da ta bushe ta nannaɗe kamar ƙanzo, ko busasshiyar ciyawa da ta tsiro a wuri guda. Duba bakin indararo ta ciki, ko ƙasa ta toshe shi, ko ya fi rufin tudu.

Sauko ka ƙwanƙwasa bango da sanda. Inda yaɓe ke manne sautin a toshe yake. Inda ya saki sai ka ji yana amsawa kamar fankon kwali. Zagaye duk inda ya saki da gawayi.

Tsaga iri biyu ce. Ƙanana masu kama da saƙar gizo-gizo a fatar yaɓe kawai suke, sabon yaɓe zai shafe su. Wadda ake tsoro ita ce mai zurfi da ta taso daga sama zuwa ƙasa, musamman a kusurwa ko saman ƙofa, bakinta ya fi faɗi ta sama. Don a san ko tana ci gaba da buɗewa, liƙa 'yar takarda a gicciye a kanta da sitaci, ka rubuta kwanan wata. In bayan mako 2 takardar ta yage, bangon yana motsi, matsalar a tushe take, kuma toshe tsagar ɓata lokaci ne har sai magini ya duba tushen.

Ƙasar aiki

A nan yawancin gyara ke lalacewa, tun kafin a hau tsani. Ƙasar da laka ta yi wa yawa tana kama bango da kyau, amma in ta bushe sai ta tsattsage ta ɓamɓaro falle-falle. Wadda yashi ya yi wa yawa ba ta tsagewa, sai dai tana zuba in an goge ta da hannu, ruwa kuma yana tafiya da ita. Ana neman tsakiya.

Jan birji shi ne na gini a yawancin ƙasar Hausa. Kada a ɗebi ƙasar sama mai taki da saiwoyi. A yaye kamar santimita 30 a ɗebi ta ƙarƙashi. Tsohuwar ƙasar da aka kankaro daga rufi ko ta faɗo daga bango tana da kyau ƙwarai, a farfasa ta a sake jiƙawa, tunda ta riga ta nuna halinta. Banda wadda ta fito daga gindin bango mai farin gishiri, ko kusa da makewayi da turken dabbobi. Wannan a kai ta gona, domin gishirin da ke cikinta yana jan danshi, zai kuma ci sabon aikin kamar yadda ya ci tsohon.

Gwaji na farko na kwalba ne. Zuba ƙasar da aka tankaɗe har kashi 1 cikin 3 na farar kwalba, cika da ruwa, saka ɗan gishiri, girgiza sosai, ka ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti 1, lallausan gari ya biyo baya cikin awa 1 ko 2, laka kuma sai ta kwana kafin ta zauna a sama. In lakar ta kai kamar kashi 1 cikin 5 na abin da ya kwanta, ƙasar ta yi kusa da daidai. In ta kai kashi 1 cikin 3, sai an ƙara yashi.

Gwaji na biyu shi ne mai yanke hukunci, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. A jikin bangon da za a yaɓe, yi faci 4, kowane faɗin taki guda, kauri santimita 2: na farko ƙasa zalla, na biyu ƙasa 2 yashi 1, na uku ƙasa 1 yashi 1, na huɗu ƙasa 1 yashi 2. Rubuta haɗin kowane a gefensa da gawayi. Bayan kwana 2 ka dawo. Zaɓi facin da bai tsage ba, bai kuma zuba ba da ka murza shi da babban yatsa. In biyu sun ci, ɗauki wanda ya fi yawan ƙasa. Yashin ya zama mai kaushi irin na rafi. Turɓaya mai laushi ba ta hana tsagewa.

Sai ramno, wato busasshiyar ciyawa mai laushi da aka farfasa. Shi ke riƙe yaɓe kada ya rabu yayin bushewa. Tsawonsa kada ya wuce santimita 5, gaɓar yatsa biyu ke nan. In ya fi haka zai riƙa tsirowa daga fuskar bango yana zama hanyar ruwa. Inda babu ramno, tattakar shinkafa da aka daddatsa tana maye gurbinsa. A kan kowane kwanon sarki 3 na ƙasa da yashi, wato kwanon da magina ke ɗiban ƙasa da shi, zuba kwano 1 na ramno ba a danna ba. In akwai busasshen kashin jaki ko na doki, rabin kwano a kan wannan awo yana ƙara danƙo, domin ciyawa ce da aka riga aka niƙa.

Tankaɗe ƙasar da rariyar waya, duk tsakuwar da ta fi ƙwayar masara ta fita. A tara ta gefe, za ta yi amfani wurin daɓe. Gauraya komai a bushe da shebur, buɗe rami a tsakiyar tulin, zuba ruwa, a bar shi ya sha na 'yan awanni, sannan a shiga da ƙafa a tattaka. Rufe da tsohuwar tabarma ko buhuna. Kullum a buɗe, a yayyafa ruwa, a sake tattakawa, har kwana 3 aƙalla. Mako guda ya fi. Ƙasar da ta tsima launinta yakan yi duhu, takan ɗan yi wari, ta yi santsi a hannu ba gudaji. Wadda aka kwaɓa da safe aka yaɓa da rana, ƙullutun lakar da ke cikinta ba su gama shan ruwa ba, a jikin bango za su kumbura su fasa aikin.

Ga lissafin yawa. Ɗaki mai mita 4 da mita 3 ta ciki, zagayensa ta waje ya kai mita 16. In tsayinsa mita 3 ne, fuskar bango ta kama murabba'in mita 45 bayan an cire ƙofa da taga. Kwanon sarki yana cin kimanin lita 18, kuma kwano 3 na kwaɓaɓɓiyar ƙasa suna rufe murabba'in mita 2 a kaurin santimita 2 da rabi. Ke nan ana bukatar kwano 65 zuwa 70. Da yake busasshiyar ƙasa tana raguwa in ta sha ruwa, wata kuma tana zuba a ƙasa, a tanadi kwano 80, wato baro 20. Na rufi da na daɓe daban.

Rufi

Kuskuren da ya fi kashe soraye shi ne ƙara sabuwar ƙasa a kan tsohuwa kowace shekara. Rufi mai murabba'in mita 12, in aka ƙara masa kaurin santimita 3 kacal, an ɗora masa nauyin da ya kusa kilo 650, daidai da buhun siminti 13. A yi haka shekara 5 a jere, sannan marka ta zo ta jiƙa shi duka. Azara ba ta da bakin magana, sai dai ta karye. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon abin da za ka zuba, gwargwadon abin da za ka kankare. Sa fartanya a kwance ka yaye fatar sama da ta mutu, santimita 3 zuwa 5, har ka iske ƙasa mai tauri. A sauko da ita ƙasa, kada a tara ta a tsakiyar rufi.

In akwai azarar da za a canja, yanzu ne lokacinsa, bayan an tokare maƙwabtanta ta ciki, an kuma buɗe ƙasa da zana ko asabarin da ke kanta. Wurin saye a nemi ta namijin giginya, baƙa mai nauyi da aka tsaga daga gefen itacen. Mai fari-fari da ta fito daga tsakiya lagwani ce, ita gara ke fara ci. Azara a ƙarƙashin rufin ƙasa ba ta son tazarar da ta wuce kimanin mita 1.8 ba tare da abin da ya tallafe ta ba, shi ya sa magina ke yin baka da ɗaurin guga, wato ginin da ke lanƙwasowa daga bango ya tallafe rufi, a manyan ɗakuna. Kowane bakinta ya shiga bango santimita 25 ko fiye. A babbake bakin kaɗan a wuta, ko a shafa masa baƙin mai, a kuma barbaɗa toka a ramin kafin a zaunar da ita.

Sai gangara. Rufin soro a ido shimfiɗe yake, amma dole kowane ɗigon ruwa ya san hanyarsa. A ba shi saukar santimita 3 zuwa 4 a kowace mita, zuwa wajen indararo. Ɗaure igiya daga kusurwar da ta fi nisa zuwa bakin indararo, ta zama ma'auni. Cike kwarin da ka yi wa alama da ƙasa mai ɗan tauri, ka daddaɓe, sannan ka shimfiɗa sabuwar fata gaba ɗaya, bayan an yayyafa wa tsohuwar ruwa. Inda rufi ya haɗu da rawani, wato ɗan bangon da ya zagaye shi, kada a bar kusurwa mai kaifi. A cike ta a lanƙwasa kamar cikin ƙwarya, domin a nan tsaga ke fara buɗewa. Kan rawanin da zankaye su ma a gyara su, a yi musu doro, kada su zama shimfiɗe inda ruwa zai zauna.

Indararo shi ne ran rufin. Na ƙarfe ne ko bututun roba mai inci 4, ya fito daga bango santimita 50 aƙalla, bakinsa na waje ya sunkuya. Bakinsa na ciki ya nutse ƙasa da fuskar rufi da kaurin yatsa guda. In ya fi rufin tudu ko da kaɗan, ruwa zai taru a gabansa ya nemi hanya ta ƙarƙashi, ya shiga cikin bango inda ba mai gani. Shimfiɗa ɗan yankin kwano ko leda mai kauri a ƙarƙashin bakin, ya shiga cikin rufin taki guda, sannan a danne kewayensa da ƙasa mai ƙarfi. Ɗaki mai girman da aka ambata indararo 1 zai iya ɗauke masa ruwa, amma 2 sun fi, don ganye ko leda na iya toshe ɗaya da tsakar dare. In da hali kada a fitar da shi ta gabas, tunda hadari ta nan ya fi tasowa, iska za ta mayar da ruwan jikin bango. A ƙasa, inda ruwan ke faɗuwa, jera duwatsu ko fasassun tukwane.

Masu shimfiɗa leda a ƙarƙashin fatar sama su lura da abu biyu. Ledar ta hau jikin rawani, ta kuma shiga cikin bakin indararo, gaɓa ta hau gaɓa da santimita 20 ta bin gangara. Kuma kada a shimfiɗa ta a kan ƙasa mai danshi, domin leda ba ta san shiga da fita ba: yadda take hana ruwa shiga, haka take hana danshi fita, azara ta ruɓe a ɓoye.

Tsofaffin magina da laso suke rufe saman soro da bakin indararo. Ana haɗa shi da katsi, wato dattin da ke kwanta a gindin karofin rini wanda aka busar aka ƙona, da gashin jima, wato gashin da majema ke cirewa daga fata, da ruwa mai yauƙi na dafara, wani tsiro mai yaɗo. Inda har yanzu akwai marina, kamar Ƙofar Mata a Kano, kuma akwai maginin da ya iya haɗin, ko bakin indararo kaɗai aka yi wa laso an ci riba.

Bayan kwana 4 ko 5, hau da bokiti 2 na ruwa, ka zuba daga kusurwa mai nisa, ka tsaya ka ga inda ya bi. Duk inda ya tsaya, a gyara.

Gindi da tsaga

Gindin bango ruwan da ke fantsama daga ƙasa ne ke cinsa, da danshin da ke hawa daga ƙarƙashi. Kada a kwashe ruɓaɓɓiyar ƙasar a tsawon bango gaba ɗaya, ɗaki zai rasa abin tsayawa. A yi shi gaɓa-gaɓa: a buɗe santimita 60, a tsallake mita 1, a buɗe wata, kuma zurfin kada ya wuce kashi 1 cikin 3 na kaurin bango. Share ramin, jiƙa shi, cike da busasshen tubali ko duwatsu da ƙasa mai tauri, kana dannawa da guntun itace. Ɗanyar ƙasa zalla in ta bushe takan ja jiki ta bar rata a sama, bango ya ci gaba da rataya. Bayan kwana 3 a dawo kan gaɓoɓin da aka tsallake.

Daga nan a tayar da ƙasar da ke kewaye, ta gangara daga jikin bango da santimita 5 a mita ta farko, a buɗe kwata. Randa, tulin toka, turken akuya da fangalin alayyafo duk a matsar da su daga jikin gini. Tsiron cediya ko ɗurumi da ya kama a bango a cire shi da saiwarsa.

Tsagar da ta daina motsi, a faɗaɗa bakinta da tsinin fartanya, a share ƙura, a jiƙa, a cusa ƙasa mai yawan ramno kaɗan-kaɗan daga ƙasa zuwa sama. Mai girma sai an ɗinke ta: a kowane santimita 50 na tsayi, a fafe gurbi a gicciye, a kwantar da guntuwar azara mai tsawon santimita 60, a rufe.

Makuba

Makuba ɓawon ɗorawa ne, abin da ya rage bayan an cire garin da kalwa. Baurin da ke cikinta, irin wanda ke cikin bagaruwar majema, shi ke haɗuwa da jar ƙasa ya sa ta yi duhu, ta yi tauri, ruwa ya riƙa zamewa. Ɗorawa sai bazara take nuna, don haka mai son fara aiki a Fabrairu da ta bara zai yi, matuƙar an adana ta a bushe ba ta yi fumfuna ba.

Daka ta a turmi ta farfashe. Garwa 1 ta dakakkiyar makuba a zuba mata ruwa garwa 3 zuwa 4, a bar ta kwana 2 ana motsawa. Mai sauri ya tafasa ta awa 1 ya bar ta ta huce. Ruwan da ya yi daidai launinsa kamar baƙin shayi mai kauri ne, yana ɗan kama yatsa. In ya yi kamar ruwan wankin kwano, ƙara makuba. A jiƙa ta a randa ko robar ruwa. Ganga mai tsatsa tana mayar da ruwan baƙi tun kafin ya taɓa bango. Tace da buhu, tukar kuma kada a zubar, a tattake ta cikin ƙasar rufi. Tana rina tufafi rinin da ba ya fita, a sa tsumma.

Yaɓe

Kankare duk inda ka zagaye da gawayi har sai ka kai gini mai ƙarfi, ka share ƙura da tsintsiya. Da yamma a yayyafa wa bangon ruwa, da safe a ƙara, ya yi danshi amma ba ya zuba. Busasshen bango yana zuƙe ruwan sabon yaɓe nan take, sai ya bushe a gaɓar kafin ya kama. Manyan ramuka a cike su tun kwana 2 kafin nan, kada a yi ƙoƙarin cike rami da yaɓe a hannu ɗaya.

Dama ƙasa da ruwa ta yi kaurin kunu, ka shafa wa gwargwadon inda za ka yaɓe cikin minti 10. Sannan ɗebi curi cike da hannu, ka maka da ƙarfi, ka danna da tafin hannu kana turawa sama. Makawar ce ke shigar da ƙasar cikin ƙofofin bango. Shafawa a hankali da cokalin gini ba ta yin haka. A fara daga sama a sauko. Hawa na farko kada ya wuce santimita 2, in ya fi haka nauyinsa zai ja shi ƙasa ya yi tumbi. A bar sawun yatsu a jikinsa, su ne maƙalar hawa na biyu.

A yi aiki daga asuba zuwa hantsi, a koma bayan la'asar, ana bin gefen da ke inuwa. In rana ko iskar hunturu na dukan sabon yaɓe, a jingina masa zana. Ana so a kai kusurwa kafin a tashi. In dole a tsaya a tsakiyar bango, a sirance bakin, a jiƙa shi gobe kafin a ɗora.

Bayan kwana 3 zuwa 5 sai hawa na biyu, mai kaurin rabin santimita zuwa 1, da ƙasa mai laushi da aka sake tankaɗewa, ramno ɗan kaɗan kuma gajere, a kwaɓa da ruwan makuba maimakon ruwa zalla. In ya sha iska, wato yatsa na barin sawu amma ba ya ɗaukar laka, a bi shi da dutse mai santsi ko gindin kwalba ana murzawa, ƙananan tsagu su rufe. Ya bushe, sai a yayyafa ruwan makuba da tsintsiya sau 2, kwana guda tsakani. Bangon gabas a ba shi sau 3, shi ke shan dukan hadari.

Game da filastar siminti a kan bangon ƙasa: da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ƙasa tana kumbura da danshi tana ja da baya in ta bushe, siminti kuwa ba ya bin ta, don haka ba a daɗewa sai rata ta buɗe a tsakaninsu. Ruwa ya shiga ta 'yar tsaga ya rasa mafita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, gara ta sami rumfa, fuskar gida kuma tana nan sumul har ranar da falle guda zai ɓallo. Wanda ya nace, sai ya kafa ƙusoshi a tazarar taki guda, ya ɗaura wayar kaji, ya yi haɗi mai rauni kamar siminti 1 yashi 8, ya kuma tabbatar saman bangon a rufe yake ruf. Kuɗin nan sun fi amfani a indararo da dakalin da zai kare gindi.

Daɓe

Wannan aikin mata ne tun asali, kuma da gayya ya fi kyau, mutum 4 zuwa 6 a jere. Waƙar da ake yi tana da aikinta: ita ke sa madaɓai su sauka tare, ƙasa ta danne bai ɗaya.

A haƙe tsohon daɓen santimita 6 zuwa 8, a daidaita, a ba shi 'yar gangara zuwa ƙofa. Ramin gara ko na ɓera a bi shi a toshe da tsakuwa da toka. Ƙasar daɓe birji ce mai tsakuwa, ba ramno. Tsakuwar da aka tankaɗe ɗazu a mayar da ita nan. Ɗaki mai murabba'in mita 12 zai ci kwanon sarki 60 ko kusa da haka. Danshinta kaɗan ne: in an dunƙule ta riƙe siffa, amma tafin hannu bai jiƙe ba. In ruwa ya yi yawa madaɓi zai riƙa mannewa, ƙasar na gudu gefe maimakon ta danne.

A baza, a tattaka da ƙafa, sannan a fara duka daga ƙuryar ɗaki ana ja da baya zuwa ƙofa, kowane bugu ya hau rabin na gabansa. A yayyafa ruwan makuba, a sake bi. Washegari za a ga tsagu sun fito. A yayyafa makuba a sake dakawa har su rufe, haka kwana 3 ko 4, har sautin madaɓi ya koma ƙarau kuma ya daina barin sawu. A goge da dutse mai santsi, a ja ƙofa a bar shi ya bushe a hankali mako guda zuwa kwana 10. Ranar da za a mayar da kaya, a sa wa kowace ƙafar gadon ƙarfe murfin gwangwani ko guntun katako, in ba haka ba kafin sati ta huda daɓen.